Ni Na Cinye Dambun Maƙwabciya

Jama'a, abin nan da zan gaya muku wallahi tallahi a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma ban ƙara komai a ciki ba, in ma akwai abin da na yi to ragewa na yi saboda kunya. Shekara huɗu ke nan. Ni direban bas ne a London, muna zaune a Plumstead da matata Habiba, ita kuma aikin jinya take yi a wani asibiti a Camberwell. A shekarar ne mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Umma, ta zo daga Funtuwa aka yi mata aikin ido, aka cire mata yanar da ta tare mata gani.

Bari in fara gaya muku matsayina a wurin Umma, don in ba ku san shi ba ba za ku gane irin wuyar da na sha ba. 'Ya'yanta mata biyar, duk da aurensu, amma a cikin surukai biyar ɗin nan ni ne na gaban goshi. Ko sunana ba ta kira, "ɗan amana" take ce mini. Duk wanda ya yi abin kunya a cikin sauran mazan, da ni ake yi masa kwatance, har akwai ɗayansu da ya daina amsa gaisuwata saboda haka. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗin abin nake ji har cikin raina. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa yi mata musu ba, ko a waya zan gaishe ta sai na ɗan rusuna.

Da idon ya fara warkewa, wata rana na dawo daga aiki Habiba ta tare ni a bakin ƙofa tana murna.

"Na yi mana booking," in ji ta. "Eco cottage ne a wani island can saman Scotland. Sati ɗaya. Umma tana buƙatar fresh air, kai ma haka."

Na ce, "Mene ne kuma eco?"

Ta ce, "Za ka gani."

Na kuwa gani. Jirgin ƙasa biyu muka hau, muka hau babban jirgin ruwa, daga nan wani dattijon Bature mara son magana ya kwashe mu a ɗan ƙaramin jirginsa ya sauke mu a tsibirin ranar Asabar, ya ce sai wata Asabar ɗin, ya juya abinsa. Gidan na dutse ne, ɗaki biyu da ɗan falo, an shuka ciyawa a kan rufin. Wutar lantarki daga hasken rana take, a ƙasar da ranar kanta sai an yi sa'a ake ganinta. Ruwan sama ake tarawa a tanki. Bayan gida kuwa rami ne da aka yi masa kujerar katako, ga bokitin garin katako a gefe, in ka gama ka ɗebo ka barbaɗa. Umma ta zagaya ko'ina da sandarta, ta leƙa nan ta leƙa can, sannan ta ce, "Ashe Turawa ma sun san salga. Habiba, wannan ai gidan kakarki ne na ƙauye, sai dai can akwai mutane."

A kan tebur akwai littafin dokoki mai kauri: ba a shigo da leda, ba a wanka sai da sabulunsu, ragowar abinci kuma a zuba a wani akwati a bayan gida tsutsotsi su cinye ya zama taki. Da Habiba ta fassara wa Umma wannan ta ƙarshen, salati ta yi sau uku. Sannan babu firji, sai wata 'yar ma'ajiya mai sanyi a jikin bango, mu kuwa kaji huɗu muka ɗauko daga wurin mahaucinmu na Plumstead. Don haka washegari Lahadi tun da safe Umma ta ɗaura zani ta soye su kaf, ban da ƙirji ɗaya da Habiba ta ware mini, ta kuma turara dambun shinkafa da busasshen zogalen da ta taho da shi daga gida, ya sha man gyaɗa da albasa da yaji.

To ga inda matsalar take. A lokacin likita ya ce sukarina ya fara hawa, Habiba kuma ta ɗauki maganar kamar da ita aka yi yarjejeniya. Wata uku ban ga soyayyen abu ba sai a hannun mutane. Ranar ma gidan nan ya cika da ƙamshi har tumakin tsibirin suna ɗago kai, amma ni abin da aka miƙo mini ganye ne da dafaffen ƙirjin kaza fari sol kamar sabulu. Na fita waje na ci, don ba na ci a gaban Umma, wasu ƙananan ƙwari masu cizo suna taya ni.

Ina nan zaune Umma ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon can ƙetaren wani ɗan lungun teku, inda ake hango bangon wani gida shi kaɗai. Sai na ga ta ɗaga hannu tana murmushi.

"Ɗan amana, ashe muna da maƙwabciya. Ga ta can tana shanya, har ta ɗago mini hannu. Ka gan ta?"

Na duba iya dubawata, ban ga komai ba sai bango da tsuntsaye. Amma mace ce da aka yi wa aikin ido, kullum tana alfaharin cewa tun da aka wanke mata shi ba abin da ke ɓuya mata, ni ne zan ce mata babu? Na ce, "Na gan ta, Umma."

"Madalla. Abinci ya yi mana yawa, kuma ni da raina ba za a ba tsutsa kaza ga maƙwabta ba."

Ta koma ciki ta cika kwanonta mai murfi da dambu da kaza, wani mai zanen furanni da ba ta tafiya ko'ina sai da shi, ta ɗaure da ɗankwali ta miƙo mini, ta ce in gaishe ta da kyau.

Tafiyar minti ashirin ce cikin taɓo. Da na isa sai na tarar kango ne. Bangon da ke kallon gidanmu ne kaɗai ya rage da tsayinsa, rufi babu, ƙyaure babu, ciyawa mai ƙaiƙayi ta cika ciki har gwiwa, kashin tumaki ko'ina, tsuntsu ma ya yi sheƙa a murhu. Na yi dariya ni kaɗai, na ce baiwar Allah tunkiya ta gani. Na zauna a kan dutsen bakin ƙofa da kwano a cinya ina tunani. In na mayar, na ƙaryata Umma ke nan, na kuma gaya mata idonta bai gyaru ba. In na zubar, na yi almubazzaranci. Ina cikin wannan nazari na malamai ban san lokacin da hannuna ya kwance ɗankwalin ba. Jama'a, na yi bisimilla na cinye tas. Ƙasusuwan na wurga su ta saman bango cikin kangon, na suɗe hannu, na yi gyatsa, na yi hamdala.

Sai da cikina ya cika hankalina ya dawo. Kun dai san a wurinmu maƙwabci ba ya mayar da kwano haka nan, ko gishiri ne sai ya zubo. In na koma da shi wayam tambayoyi za su yi yawa. Sai na bar shi a kan dutsen, da niyyar gobe in zagayo in zuba biskit ɗin da na ɓoye wa Habiba a ƙasan jakata in ce in ji maƙwabciya.

A gida Umma ta sa ni gaba. Yaya take? Na ce tsohuwa ce gajera. Ita kaɗai? Na ce ita da kyanwarta. Mijin fa? Na ce masunci ne, teku ta cinye shi. Umma ta yi ta jimami tana Allah sarki, Habiba har da ƙwalla. Da Habiba ta ce gobe za ta leƙa ta, na yi maza na ce matar ta ce ba ta son yawan baƙi, hawan jini gare ta. Ni kaina na yi mamakin yadda ƙarya ke zuwar mini a jere kamar na haddace.

Litinin da hantsi ina alwala a bayan gida na ji Umma tana kira, "Ɗan amana, zo ka ga mutunci!"

Kwanon ne a bakin ƙofarmu, an wanke shi fes, an ninke ɗankwalin a kan murfin. A ciki an shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ga ƙwai biyu a kai. Umma ta ɗora mini ɗaya a tafin hannu, wallahi da ɗuminsa kamar yanzu aka ɗaga kaza. Nan take na mayar da shi cikin kwanon.

"Aww, so sweet," in ji Habiba. "Amma me ya sa biyu? Mu uku ne fa."

Umma ta ce wataƙila kajin nata biyu ne. Ni dai da bakina ya buɗe cewa na yi, "Kada ku ci. Ba mu san expiry date ɗinsu ba."

Habiba ta kalle ni sama da ƙasa. "Ƙwai da ɗuminsa kake nema wa expiry date? Kishi kake don ba a sako da kai ba."

Suka soya suka cinye ina kallo. Ni kuwa na ce zan motsa jiki, na zagaye tsibirin nan kaf, awa ɗaya da rabi ya ɗauke ni. Babu kaza, babu jirgi, babu tanti, babu sawun kowa sai nawa. Na hau wani tudu inda waya ke ɗan kamawa na kira mai jirgin, na tambaye shi ko akwai wani a tsibirin ban da mu. Ya ce daga mu sai tumaki, mutanen ƙarshe sun tashi tun ba a haife shi ba. Na ce ko shi ya zo da safe? Ya ce me zai zo yi, yau Asabar ce?

Duk mai hankali a nan zai koma gida ya faɗi gaskiya. Na sani. Amma gaskiyar tana da jela: in na ce babu kowa a gidan can, tambaya ta gaba ita ce wa ya ci dambun. Na auna tsoron aljani da tsoron Umma ta san ɗan amanarta ya zauna a kango ya cinye aike, sai na ga aljanin ya fi sauƙi.

Haka muka shiga musayar kwano. Umma ba ta yarda a fi ta kyauta, don haka da la'asar ta tuƙa tuwo da miyar kuka ta ce in kai. Wannan karon ko murfin ban taɓa ba, daga nesa na miƙa hannu na dire shi a kan dutsen, na juyo da gudu ina karanta duk addu'ar da na iya har da ta shiga kasuwa. Talata kwano ya dawo da kyafaffen kifi biyu. Umma ta aika yaji da turaren wuta. Laraba na ce yau sai na ga mai kawowa, na ɗauko kujera na dasa a bakin ƙofa tun da sassafe, ido a kan hanya, ko ƙiftawa ba na son yi. Awa uku ina zaune, sai cikina ya murɗa. Minti nawa ne a shiga a barbaɗa garin katako a fito? Ina dawowa na tarar da kwanon a kan kujerar tawa, da safar ulu saƙar hannu ƙafa biyu, ɗaya daidai Umma ɗaya daidai Habiba. Kullum biyu. Ko makaho ya san da wa ake fushi.

Abinci ya daina shiga mini, wandona ya fara zamewa. Habiba ta auna sukarina ta yi tsalle. "Ka ga amfanin eco? Next year two weeks za mu yi."

Ranar Juma'a, ana gobe za mu tafi, bayan azahar na ga Umma ta fito da babban mayafinta na unguwa, ta sa turare, kwano a hannu.

"Tashi ka raka ni in yi wa baiwar Allahn nan bankwana."

Ba irin dabarar da ban yi ba. Na ce akwai taɓo, ta ce ta yi noma a fadama. Na ce iska za ta taɓa idon, ta sa tabarau. Na ce Turawa ba a zuwar musu sai da appointment. Ta ce, "Mutum ya ciyar da kai kwana biyar ka tafi ba sallama? Ba a haife ni a wannan gidan ba." Habiba tana fama da goge-goge da haɗa kaya, don dokar gidan ta ce a bar shi yadda aka same shi, ta ce mu gaishe ta.

Ina gaba Umma tana baya tana dogara sanda. Sau uku ina juyowa in faɗa mata, sau uku bakina yana cewa, "A hankali, Umma, akwai santsi." Na riga na sallama, na ce yanzu za ta ga kango, ta kalle ni, shekara goma sha ɗaya su bi ruwa.

Muka isa. Umma ba ta ko yi turus ba. Ta gyara mayafi, ta cire takalmanta ta jera a gefen dutsen, ta yi sallama. Ta ɗan saurara, ta yi murmushi, sannan ta ce mini, "Kai tsaya nan, gidan mace ne." Ta kutsa cikin ciyawar nan ta sha kwanar bango, na daina ganinta.

Amma ina jin ta. "Ina wuni? Lafiya lau. Ya sanyi? A'a wallahi, mu ke da godiya." Tsakanin kowace magana sai ta yi shiru daidai tsawon amsa, a cikin shirun kuma ba na jin komai sai iska. Umma fa ko "come" ba ta sani ba da Turanci. Ta yi dariya, ta yi tafi, ta ba da labarin aikin idonta tun daga filin jirgin Kano. Can sai ta yi shiru mai tsawo, tsawon da har na fara tunanin leƙawa. Sai na ji ta ce, "Ashsha. Ashsha! Shi ɗin?"

Ta fi rabin awa kafin ta fito, ba kwano a hannunta. Ƙasar wurin jiƙe take sharkaf, amma da ta ɗaga ƙafa za ta sa takalmi na ga safarta a bushe, ko ɗigon laka babu. Muka kamo hanya, yanzu ita ce a gaba. Da muka yi nisa, ba tare da ta juyo ba ta ce, "Doguwa ce."

"Na'am, Umma?"

"Ka ce gajera ce. Doguwa ce. Ba ta da kyanwa, ta ce ba ta ƙaunarsu. Mijinta kuma tari ne ya kashe shi, ko kwalekwale bai taɓa mallaka ba."

Ta dogara sanda, ta ci gaba da magana.

"Ta ce cinya biyu da fiffike ɗaya. Tana tsaye a kanka kana ci, ba sallama, ba tayi. Ta ce cin bai dame ta ba, ta ga alamar yunwa ce. Abin da ya ɓata mata rai ƙasusuwan da ka watsa mata a kan gado."

Ban san lokacin da na zube a cikin taɓon nan ba. Na ce, "Umma, ki yafe mini." Kunya ta rufe ni har na manta da tsoro, na ji da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ciyawa na rufa.

"Ni me ka ci mini? Koma ka ba mai abu haƙuri."

Na koma ni kaɗai, na tsaya a bakin kangon da rana tsaka, ƙato da ni, na yi sallama, na ce a yi haƙuri, na ƙara da "sorry ma" ko da Hausar ba ta isa ba. Ba wanda ya amsa. Sai dai wani ɗumi da ya bugi fuskata daga ciki, irin wanda ke fitowa in an buɗe ɗakin da aka hura wuta, alhali iskar teku tana kaɗa ni ta baya. Na leƙa, ciyawa ce kawai da sararin sama, kwanon ma ban gan shi ba.

Da na cim ma Umma na yi ƙarfin hali na ce, "Umma, da wane yare kuka yi hira?"

Ta ce, "Yaren me? Mace da mace?" Ta ci gaba da tafiya. "Ba zan gaya wa Habiba ba, don kada ta raina ka. Amma rufin baiwar Allahn nan yoyo yake yi, ga ta ita kaɗai. Na ce in sanyi ya matsa mata ta taho London ta sauka wurinku, tunda ɗakin da nake kwana zai zama ba kowa. Na kwatanta mata gidan. Na ce kai za ka kula da ita, ka biya abin da ka ci."

Umma ta cika alkawari, ba ta faɗa wa kowa ba. Sai dai daga ranar "Malam" take ce mini, kuma surukin nan da ba ya amsa gaisuwata yanzu shi ke fara kira na. Bayan ta koma Funtuwa, duk lokacin sanyi in mun yi waya sai ta tambaye ni, "Baƙuwarku ta iso?" In ce tukuna, Umma. Habiba ta ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ta. Shekara uku ana haka har na fara sakin jiki.

Bara, cikin Nuwamba, ina hutun rana a tashar bas ta Stratford da shayi a hannu, Umma ta kira. Muka gaisa, ina jiran tambayar da ta saba. Sai ta ce, "Ta ce ta gode, ɗakin ya yi. Amma ka kwashe akwatunan nan da kuka jibga a kan gadon, kuma hita ɗin ya yi mata yawa, ba ta saba ba."

Satin nan ne muka sauko da akwatunan kayan sanyi muka ɗora a kan gadon, ba wanda ya sani sai ni da Habiba. Na koma gida na kwashe su, na rage hita. Habiba tana ta mitar wa ke barin tagar ɗakin a buɗe kullum, har ta kira council, masu kula da gidan, su duba makullin, suka ce lafiyarsa ƙalau. Ni dai ba na shiga sai na yi sallama na ɗan saurara.

Ban san ko wace ce ba, ban san ko mece ce ba, kuma ban nemi sani ba. Shawarata gare ku ita ce, in an aike ku da kwano ku kai shi inda aka ce, in kun tarar kango ne ku yi sallama ku dawo ku faɗi gaskiya, ko da surukarku ce ta ce ta ga mutum. Habiba, in wannan ya zo hannunki, ni na cinye dambun, shi ya sa sukarina ya hau ranar, ba na'urarki ce ta lalace ba. Ku kuma 'yan uwa, in kun zo London dare ya yi muku a gidanmu, Habiba ta ce ga ɗakin baƙi nan ba kowa, ku yi mata godiya ku kwanta a kujerar falo.